Tayar Prius: a sayi mai rage shan mai ko mai jure rami?

Baban Sadik, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu haibirid, motar da ke haɗa injin fetur da na lantarki. Shawara nake nema. Motata Prius ce 'yar 2012, shigowar Amurka, kuma tayoyinta huɗu sun suɗe, na gaba ma zanen ya kusa shafewa. Na zagaya Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, kowane shago da waƙar da yake min. Wani ya ce lallai sai mai rubutun Eco a jiki, in ba haka ba motar za ta koma shan mai irin na Corolla. Wani ya ce zancen 'yan kasuwa ne, kuma irin waɗannan tayoyin ba sa jure titinmu. Kuɗin kuwa kusan ninki biyu ne tsakaninsu. Lambar tayar 195/65R15. Yawancin tafiyata cikin gari ce, sai ƙarshen wata in je Katsina gaida Hajiyarmu. Wanda ya gwada don Allah ya faɗa min gaskiya.

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, taya taya ce. Na tsufa a kan hanyar Kano zuwa Legas ban taɓa jin taya ta sha mai ba. Ƙafarka ta dama ce ke sha. Sayi mai kauri wadda rami ba zai yi wa illa ba, ragowar kuɗin ka kai wa Hajiya tsaraba.

Ɗan Bolt, Abuja:
Kawu, a gafarce ni, a nan kam zan ja da kai. Ni da Prius nake neman abinci. Da na cire tayoyin da ta zo da su na sa masu araha, lambar da allon motar ke nunawa, ta mil nawa take yi da galan ɗaya, ta sauko daga wajen 48 zuwa 43, hanya ɗaya, ƙafa ɗaya, esi ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 duk wani ɗigo ina lissafe da shi. Baban Sadik, ka daure ka sayi Eco.

Injiniya, Zariya:
Kawu, ranka ya daɗe, maganar ƙafar dama ba mai musa maka. Amma taya ma tana cin nata rabon, bari in nuna ta inda take ci.

Duk wurin da ya taɓa kwalta a jikin taya lotsawa yake yi saboda nauyin mota, da ta juya kuma ya miƙe. A gudun kilomita 100 a awa, tayar Prius tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. Roba kuwa ba ta dawo da duk ƙarfin da aka lotsa ta da shi, wani kaso zafi yake zama. Shi ya sa in ka iso Zariya daga Kano ka dafa taya za ka ji ta da ɗumi. Wannan ɗumin daga tankinka ya fito. Ku dubi mai ruwa da kurarsa: jarkokin nan dai da ya saba ɗauka, amma ranar da iskar tayar ta yi ƙasa sai ka ga yana turawa yana haɗa gumi. Wannan turjiyar ce masu ƙera taya suke ƙoƙarin ragewa. Tun 1992 Michelin ta fito da tayar da aka cakuɗa robarta da silika, sinadarin da ke cikin yashi, a madadin wani kaso na baƙin garin kabon da aka saba zubawa, kuma yanzu kusan kowane babban kamfani yana da tasa: Ecopia ta Bridgestone, BluEarth ta Yokohama, Enasave ta Dunlop, EcoContact ta Continental.

Nawa ake samu? Rahoton da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2006 ya ce in aka rage turjiyar taya da kashi 10 cikin 100, shan mai yana raguwa da kashi 1 zuwa 2. A haibirid an fi jin abin saboda an riga an toshe sauran ƙofofin ɓarna. Injin yana mutuwa a gosulo, birki yana mayar da wuta cikin batir, to abin da ya rage sai taya, da iskar da mota ke karo da ita, da esi.

Ɗan Bolt, Abuja:
To kun ji. Kawu, Injiniya ya yanke hukunci.

Injiniya, Zariya:
Tsaya tukuna, ban gama da kai ba. Daga 48 zuwa 43 kashi 10 ke nan, kuma ba duka ne laifin tayar da ka saya ba. Tsohuwar taya da ta suɗe ta fi sabuwa sauƙin gungurawa, domin robar da ke lotsawa ta ragu. Daga sabunta zuwa suɗewa turjiyar takan sauka da kusan kashi 20. Ko irin tayar da ka cire sak ka mayar sabuwa, sai lambar ta faɗi. Ban da haka, sabuwar taya ta ɗan fi tsohuwa girma saboda kaurin zane, sai mota ta riƙa ƙirga kilomita ƙasa da yadda take yi a da, allon kuma ya nuna kamar ta ƙara sha. Saboda haka Baban Sadik, ko wacce ka saya, ka shirya ganin lambar ta ɗan sauka a farko, kada ka koma ka kama mai shago da faɗa.

Kawu Direba:
Ato. Ashe dai tsohon bai yi ƙarya ba gaba ɗaya.

Baban Sadik, Kano:
Na gode Injiniya. A kuɗi fa? Ni ba na wuce kilomita 1,000 a wata.

Injiniya, Zariya:
Mu ɗauka motar tana yin kilomita 18 da lita ɗaya a zahiri, da esi da cunkoson Kano. Hukumar muhalli ta Amurka ta ba wannan ƙirar mil 50 a galan, wato kilomita 21 da ɗoriya a lita, amma wancan a wurin gwaji ne. Kilomita 12,000 a shekara lita 667 ke nan. A ce tayar ta rage maka kashi 3, ka tsira da lita 20. A ce lita naira 1,000 don lissafi ya yi sauƙi, naira 20,000 a shekara. Ɗan Bolt in yana yin 4,000 a wata, lita 80 zai tsira da ita, naira 80,000. Kun ga shi abin ya fi yi wa rana.

Hajiya Akanta, Kaduna:
Sannunku da muhawara. Injiniya, lissafinka daidai ne amma ba a shekara ya kamata a auna ba, domin taya ba kwanan wata take ci ba, kilomita take ci. A ce saitin zai yi kilomita 40,000 kafin ya ƙare. A kilomita 18 kowace lita, fetur lita 2,222 za a ƙona a kansa. Kashi 3 na wannan lita 67 ne, ko a motar Ɗan Bolt ko a ta Baban Sadik. Bambancin kawai shi zai kwashi nasa a wata goma, shi kuma Baban Sadik sai ya haura shekara uku. Raba naira 67,000 gida huɗu, kowace taya ta tashi da kusan 17,000. To wannan ita ce lambar da za ka shiga kasuwa da ita. In tazarar kuɗin Eco da wata taya mai kyau ba ta kai haka ba a kan kowace ɗaya, saye ya halatta. In ta ninka haka, fetur shi kaɗai ba zai biya ka ba, sai dai in tayar za ta fi ɗayar daɗewa.

Kuma wannan duk in rami bai kashe ɗaya a wata na uku ba.

Injiniya, Zariya:
Haka ne Hajiya, kuma daɗewar ita ce babbar magana. Tayar da ta yi kilomita 50,000 da wadda ta ƙare a 25,000, ko kuɗinsu ninki biyu ne sun tashi kunnen doki, fetur ɗin kuma ya zama riba.

Hajiya Akanta, Kaduna:
Ni damuwata ma ba fetur ba ce. Camry haibirid nake ja, yara nake kaiwa makaranta. Na ji ana cewa irin waɗannan tayoyin santsi gare su in an yi ruwa. A watan Agusta titin Kaduna ba wasa ba ne. Wace riba ce lita 67 in mota ta ƙi tsayawa?

Injiniya, Zariya:
Tambaya mai kyau, kuma tana da tushe. Abubuwa uku ne ke jan juna a jikin taya: sauƙin gungurawa, kama jiƙaƙƙen titi, da daɗewa. Ka ƙara ɗaya sau da yawa ka rage ɗaya. Silika ta rage wannan rikici sosai, amma kamfani mai son araha yana iya samun sauƙin gungurawa ta hanyar sadaukar da riƙo, ya buga Eco a gefe. Wannan kalma ba wata hukuma da ke tantance ta, kowa yana iya bugawa.

Abin da ake tantancewa shi ne sitikar Tarayyar Turai. Tun Nuwamban 2012 doka ta tilasta manna ta a kan tayoyin da ake sayarwa can, aka sabunta ta a Mayun 2021. Za ki ga hoton famfon mai da harafi daga A zuwa E, sai hoton gajimare da ruwa shi ma A zuwa E, sai ƙarar taya, da lambar QR da za ki haska da waya ta kai ki rumbun bayanansu. A tsohuwar sitika haruffan har G suke kaiwa. Su da kansu sun ce tsakanin ta sama da ta ƙasa a wajen ruwa, tazarar tsayawa tana iya kaiwa mita 18 in an taka birki a gudun kilomita 80. Tsawon mota huɗu ke nan. Ni a wurina harafin ruwa ake fara dubawa. B a fetur da A a ruwa ta fi min A a fetur da C a ruwa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da masu Prius suka sani. In kana taka birki a hankali, injin lantarki ne ke riƙe motar ta tayoyin gaba. Da ɗaya ta faɗa rami ko ta hau yashi ta ɗan zame, kwamfutar sai ta saki wancan ta koma birkin mai, ka ji kamar motar ta zille gaba na ƙiftawar ido. A farkon 2010 ma sai da Toyota ta kira motocin wannan ƙirar ta gyara manhajar birkinsu kan haka. Taya marar riƙo tana sa abin ya yawaita.

Na Texas:
Gaisuwa daga nan. Ƙarin bayani kaɗan: tayoyin kasuwar Amurka ba su da waccan sitikar, don haka wanda ya ga taya babu ita kada ya ce jabu ce kai tsaye. Abin da ke jikinsu rubutu ne a gefe, layi uku. Treadwear da lamba, misali 400 ko 600, na nuna daɗewa, amma kamfani ne ke ba kansa maki, don haka a tsakanin tayoyin kamfani ɗaya kawai yake da amfani. Traction daga AA zuwa C, riƙo a jiƙaƙƙen titi. Temperature daga A zuwa C, jure zafi. Na fetur babu. Mutumin Kano ya nemi A a wajen zafi in da hali. Irin motarka Baban Sadik da yawa da Ecopia EP20 ko Yokohama Avid S33 suka fito daga kamfani.

Usta Mai Faci:
Salamu alaikum manya. Ni ban yi boko mai nisa ba amma kullum hannuna cikin taya yake. Yallaɓai Baban Sadik, kafin ka kashe kuɗi ina da tambaya: iska nawa kake sha wa motar?

Baban Sadik, Kano:
Usta, duk abin da mai faci ya sa. In na ga ta yi ƙasa in tsaya a ƙara.

Usta Mai Faci:
To ka ji inda kuɗinka ke zuba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai takarda manne. A irin motarka mai rim 15 za ka ga 35 gaba, 33 baya. Ita ce dokar motar. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta ɗauka ne, ba abin da za a sa ba. Mu kuma a bakin titi, gaskiya ɗaya ce, mutum ya ce cika ta, sai a cika. Wani yaron ma da ƙarfe zai buga ya saurari ƙara. Gejin da yawanmu ya sha faɗuwa ƙasa har ba ya faɗin gaskiya. Na sha auna mota in samu ƙafa ɗaya 50, ɗaya 24, mai ita yana ta zagin bakanike wai sitiyari na ja gefe.

Tayar zamani ba ta nuna yunwa a ido. Sai ta rasa 8 ko 10 kana kallonta tsaye ƙyam. Sayi geji naka na kanka, kuɗinsa bai kai na lita biyar ba, ka auna da safe kafin ka fita, taya na sanyi. Ko sau biyu a wata.

Injiniya, Zariya:
Usta ya ba da darasin da ya fi nawa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk psi ɗaya, wato ma'aunin iskar da Usta ke lissafi da shi, da tayoyi huɗu suka rasa yana cin kusan kashi 0.2 na fetur. Rashin 8 ya zama kashi 1.6, fiye da rabin abin da muke ta lissafin Eco za ta kawo. Kuma da hunturu a ƙara kula, domin duk saukar sanyi na digiri 5 zuwa 6 yana rage kusan psi ɗaya.

Kawu Direba:
Mu dai a zamaninmu in bazara ta shigo rage iska muke yi, saboda kwalta ta yi zafi iskar ta kumbura taya ta fashe. Wannan kuma ba a littafi na karanta ba.

Usta Mai Faci:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ce kaɗai zan roƙe ka ka bari. Tayoyin da ake kawo min sun tarwatse a hanyar Zariya da rana tsaka, in ka duba cikinsu za ka ga garin roba baƙi da gefen ya ƙone. Alamar an yi gudu da ita ba iska ke nan. Mai ƙarancin iska ta fi lotsawa, ta fi ɗaukar zafi. Ƙarin 3 ko 4 da take yi in ta ɗumama, masu ƙera ta sun san da shi. Kada a sace iska daga taya mai zafi. Kuma kumburin nan da ke fitowa a gefe bayan an faɗa rami, yawanci taya mai ƙarancin iska ce rim ya datse ta.

Kawu Direba:
Na ji. Amma tayoyin da da na yanzu ba ɗaya ba ne, na da da tiyub suke.

Ɗan Bolt, Abuja:
Ni kuma 40 gaba 38 baya nake sawa, kuma ina ganin bambanci a allo.

Usta Mai Faci:
Za ka gani, amma shokzoba da haƙoran fasinjanka su ma suna gani. A titin Abuja ka iya yin haka. A Kurna ko Ɗorayi mota za ta riƙa tsalle, riƙonta ya ragu. In za ka ƙara, 2 a kan na ƙofa ya isa.

Baban Sadik, Kano:
Wani mai shago ya ce in sa 205/65R15, wai za ta ɗaga motar ta daina gogar ƙasa a tudun rage gudu. Ya kuka gani?

Injiniya, Zariya:
Lissafa da kanka. Tsayin 195/65R15 daga ƙasa zuwa sama milimita 634 da rabi ne, na 205/65R15 kuma 647 da rabi. Tazarar 13, rabinta ne ke ɗaga mota, wato milimita 6 da rabi. Ko kaurin wayarka bai kai ba. A kan wannan za ka ɗauki taya mai ƙarin faɗi da nauyi, agogon gudu da na kilomita su koma ƙirga ƙasa da gaskiya da kashi 2. Tsaya a lambarka. Abin da za ka duba shi ne lambar da ke biye, ta nauyi da gudu. Motar da 89S ta zo: 89 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 580, S kuma gudun 180. A kasuwa za ka fi samun 91H, kilo 615 da gudun 210. Sama da taka ba laifi, ƙasa da ita ne ba a yi.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da hira 'yan'uwa. Mu nan motocinmu da yawa ta Kwatano suke shigowa daga Turai, takardar ƙofar da bar take, 35 ɗinku ita ce 2.4 wurinmu, 33 kuma 2.3. Abin da nake so in ja kunne a kai tayoyin hannu ne na Turai. Za ka ga taya zane cike, araha, kamar ba a taɓa hawa ba. Duba gefenta. In ka ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, tayar sanyi ce, an yi robarta don ta yi laushi a ƙanƙara. Ka ɗora ta a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ga shan isansi ga saurin cinyewa. Motocin Kanada ma da yawa da su suke zuwa.

Ɗan Bolt, Abuja:
Amma fa tokumbo ta babban kamfani ta fi sabuwa marar suna, haka muke cewa a tasha.

Usta Mai Faci:
Wani lokacin. Matsalar ba ka san tarihinta ba. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa ƙarshe, akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A gefe ɗaya kawai ake buga ta cikakkiya, in ba ka gani ba juya tayar. Ka shafa wurin da yatsa, in ya yi kamar an kankare ko an liƙa, ajiye musu kayansu. Akwai masu ƙara yanka zane da ƙarfe mai zafi su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Ka sa hannu ciki ka zagaya, ka ji ko akwai faci a kusa da gefe, ka lanƙwasa bakin ka ga ko ya tsattsage.

Hajiya Akanta, Kaduna:
Ban da ma haka, tayar hannu tana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su Najeriya. Sabuwar ma ba a rufe ido. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama kwantena da aka cusa tayoyi cikin juna don a rage kuɗin dako, wayar bakinsu ta lanƙwashe tun kafin su hau mota. Tunda Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta, komai daga waje yake zuwa, kuɗinsa kuma dala yake bi. Ni wajen dila mai ba da rasiti nake zuwa ko da ya fi tsada.

Baban Sadik, Kano:
Maganar shekara fa? 'Yan Road Safety sun taɓa tsayar da ni suna duba wannan lambar.

Injiniya, Zariya:
Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara huɗu take faɗa daga ranar ƙerawa. Michelin kuma cewa take a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai biyar, kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Kowa da hujjarsa, zafinmu da ranarmu suna tsufar da roba da wuri, kuma wanda zai tare ka a hanya ba Michelin ba ne. Wannan ya shafi lissafin Hajiya kai tsaye. Kai da kake yin 12,000 a shekara, shekara huɗu 48,000 ne. In aka sayar maka da wadda ta yi shekara biyu a sito, kusan rabin ribar ta tafi tun ba ka biya ba. A wurinka kwanan watan ya fi kalmar Eco nauyi.

Baban Sadik, Kano:
In kuɗin bai kai na huɗu ba, in sayi biyu masu kyau in sa a gaba?

Kawu Direba:
Gaba mana. Nan injin yake, nan sitiyari yake, nan ne ke ja.

Injiniya, Zariya:
Kawu, yau dai ni da kai ne. Manyan kamfanonin taya cewa suke sababbi a baya. In gaba ta zame a ruwa direba yana ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa mota ta dawo. In baya ta zame, juyawa motar take yi, kuma ba kowa ke iya kamo ta ba. Sai dai a motar Baban Sadik da ya ce duka huɗun sun suɗe, babu mai kyau da za a mayar gaba. In akwai biyun da zanensu ya fi milimita 1.6 sosai, wato bai kai ga ɗan tudun da ke cikin kwarin zane ba, sai su yi gaba na ɗan lokaci. Ko ya aka yi, hagu da dama su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, domin kwamfutar birki gudun kowace ƙafa take karantawa.

Kawu Direba:
Wannan kam ban karɓa ba. Tayar gaba ta fashe maka a guje ka zo ka ba ni labari.

Hajiya Akanta, Kaduna:
Kawu, shi ya sa nake ganin ya haƙura ya sayi huɗu matsakaita sababbi, ya fi biyu masu tsada da biyu suɗaɗɗu. Sai kowa ya huta da gardamar.

Baban Sadik, Kano:
Na koma wajen wani dila da yamman nan da abin da kuka koya min. Ya fito min da iri biyu masu sitikar Turai, duka 91H. Ɗaya B a fetur, A a ruwa, amma an yi ta shekara biyu da suka wuce. Ɗayar C a fetur, B a ruwa, ta bana ce, kuma huɗunta sun yi daidai da abin da ke hannuna. Tazarar kuɗin ta wuce 17,000 ɗin Hajiya a kowace ɗaya. Na ce ya ajiye min ta biyun zuwa gobe.

Ɗan Bolt, Abuja:
Da ni ne ta farkon zan ɗauka, zan cinye ta kafin shekarunta su zama magana.

Injiniya, Zariya:
Kai ɗin, e. Shi kuwa tsakanin B da C abin da zai rasa bai fi kashi 1 zuwa 2 ba, gejin Usta zai dawo masa da shi. In an ɗaura ka wuce a yi alaimen, ƙafar da ta karkace tana cin fetur da taya fiye da kowane harafi. Sai kuma juya su gaba da baya duk kilomita 8,000 kamar yadda littafin motar ya ce.

Usta Mai Faci:
Ka tsaya a kansu lokacin cirewa. Motocin Amurka na waɗannan shekarun akwai 'yar na'ura maƙale da bawul ta ciki, ita ke kunna fitilar iska a dashbod. Yaro ya sa ƙarfe daidai wurin sai ya karya ta, ya mayar maka da bawul na roba bai faɗa ba. Ka ce a fara ɓamɓare bakin tayar daga nesa da bawul, kuma a yi balansin. In an gama ka auna da gejinka a gabansu.

Ɗan Bolt, Abuja:
Kuma don Allah ka kawo mana sakamako, amma ba na allo ba. Cika tanki har famfo ya tsaya, rubuta kilomita, in ka sake cikawa ka raba. Tanki uku ko huɗu.

Baban Sadik, Kano:
In sha Allahu zan yi. Allah ya saka wa kowa da alheri, Usta ma zan zo har rumfarka a auna gejin da zan saya da naka.

Usta Mai Faci:
Zo da shi yallaɓai, amma in sun saɓa naka za mu bi.

Kawu Direba:
Ka riƙa rubuta har ranakun da ka kunna esi da ranar da Hajiya ta cika maka but da buhun gero daga Katsina, kada a zo a ɗora wa taya.